Tambaya da Amsa: Wai da gaske ILO ta yanke mafi ƙarancin albashi da dala?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a ƙungiyar ma'aikatan shara da gadi na kamfanoni masu zaman kansu. An saka sunana cikin waɗanda za su wakilci ma'aikata a kwamitin duba mafi ƙarancin albashi, kuma saura mako uku a yi zaman farko. Tun da aka sanar da ni barci ya ƙaurace mini. Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp ɗin 'yan ƙungiya cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta yanke dala 300 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashi ga duk duniya, kuma duk ƙasar da ta biya ƙasa da haka za a ƙaƙaba mata takunkumi. 'Yan ƙungiya sun ce in na yarda da abin da bai kai wannan ba, to na sayar da su. Su kuma masu kamfanoni sun fara aiko mana da magana cewa in aka yi ƙari mai yawa rabin mutanena za su rasa aiki. Na nemi takardar da ILO ta rubuta adadin, ban same ta ba. Don Allah Malam a ina take? In kuma babu, da me zan je? Ina tsoron in ji kunya a gaban mutane, ina kuma tsoron in jawo wa mata masu 'ya'ya kora.

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama. Ki daina wahalar da kanki da neman takardar nan, domin babu ita, ba a kuma taɓa yin ta ba. ILO ba ta yanke dala 300 ba, ba ta yanke 200 ko 500 ba, ba ta da wani adadi da ta ɗora wa ƙasashe su biya. Kin yi sa'a da kika tsaya bincike tun kafin ranar zama. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina da wannan tambaya sai bayan sun shiga ɗakin taro an kunyata su suke zuwa.

Ki yi haƙuri, zan daɗe a kan wannan batu, don ya ishe ni. Na yi shekaru ina horar da wakilan ma'aikata kan zaman sasanta albashi, kuma da wuya in shiga aji a tashi ba tare da wani ya ɗaga hannu ya karanto mini "adadin ILO" daga wayarsa ba. Bara wani adadi, bana wani, amma saƙon iri ɗaya ne: tambarin ƙungiyar a sama, jan rubutu a ƙasa, sai a rufe da "tura wa duk ma'aikacin da ka sani".

Akwai wani zama da na halarta ina mai ba ɓangaren ma'aikata shawara. Shugaban tawagarmu dattijo ne mai kishi, ya sha rana ya sha barazana a kan haƙƙin mutanensa. Tun da daddare na roƙe shi ya bar maganar adadin nan, ya ce ai ita mutanensa ke son ji. Da aka ba shi dama ya miƙe ya buɗe jawabi da ita, har da dukan tebur. Lauyan masu kamfanoni bai tanka ba sai da ya kai aya. Sannan ya zaro 'yan shafuka daga jakarsa, ya turo su tsakiyar tebur da ɗan yatsa ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yarjejeniyar nan, a taimaka a nuna mana sashen." Dattijo ya ɗauka, ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a cikin jakarmu akwai lissafin kuɗin haya da na mota da na makarantar yara da na magani, wanda muka yi wata biyu muna tarawa gida-gida daga hannun ma'aikata, lissafin da ba mai iya ƙaryata shi. Daga wannan rana duk lambar da muka fitar sai wani ya yi murmushi ya ce, "Ita ma wannan daga waya take?" Mun saki reshe mun kama ganye, kuma ma'aikata ne suka biya kuɗin wannan kuskure a albashinsu.

Ƙaryar ba daga sama ta faɗo ba, guntayen gaskiya aka tsinto aka ɗinke. Akwai ma'aunin matsanancin talauci na Bankin Duniya, wanda aka sa dala 1.90 a rana a 2015, aka mayar da shi 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Wannan na ƙidayar matalauta ne, kan mutum ɗaya ake lissafa shi har jariri, kuma dalar da ke cikinsa an daidaita ta da ƙarfin sayen kaya a kowace ƙasa, ba ta 'yan canji ba ce. Bai shafi albashi ba, kuma ba na ILO ba ne. Akwai umarnin Tarayyar Turai na 2022, wanda ya ambaci kashi 60 cikin 100 na albashin tsakiya (na wanda ya faɗo tsakiya in aka jera masu albashi daga ƙarami zuwa babba) da kashi 50 na matsakaicin albashi a matsayin misalin ma'aunin da ƙasashenta za su iya dubawa. Nan ma kaso ne na albashin kowace ƙasa a cikin gidanta. Sai matsayar da aka cimma a taron ƙwararru na ILO a Fabrairun 2024 kan albashin da zai riƙe rayuwa, wadda hukumar gudanarwar ƙungiyar ta amince da ita a watan Maris. Jaridu sun yi ta yayata ta kamar an yanke farashi, alhali abin da aka yi shi ne bayyana ma'anar kalmar da ƙa'idojin ƙiyasta ta: albashin da zai ishi ma'aikaci da iyalinsa rayuwa ta mutunci, gwargwadon halin ƙasarsu, a kan aikin awoyin da aka saba. Ko lamba ɗaya babu.

Wuri ɗaya tak na sani da ake fitar da adadi da dala a ƙarƙashin inuwar ILO, shi ne na ma'aikatan jiragen ruwa. Wakilan masu jirage da na matuƙa kan zauna su amince da mafi ƙarancin tushen albashin ƙwararren ma'aikacin jirgi, wanda ya kai dala 673 a wata a 2025. Dalilin a fili yake. Jirgi na ɗauke da tutar wata ƙasa, mai shi yana wata ƙasa, ma'aikatan sun fito daga ƙasa biyar, to tsadar rayuwar ina za a duba? In 'yan ƙungiyarki a kan teku suke shara da gadi, sai mu sake magana.

Ki ma tsaya ki auna da hankali. ILO na da ƙasashe 187. Dala 300 a wata ƙasar ba ta biyan hayar ɗaki na mako biyu, a wata kuma ta zarce albashin malamin makaranta. Da za a yanke adadi guda, a ƙasa ta farko masu kamfanoni ne za su riƙe shi su ce ga abin da duniya ta yarda da shi, kada a nemi ƙari. A ta biyu kuwa doka ce za ta zama ado a takarda. Sannan ma'aikaciyarki da kuɗin ƙasarta take sayayya. Duk wanda ya ɗaure buƙatarsa a jikin dala ya miƙa hujjarsa ga kasuwar canji, yau ta hau gobe ta sauka, a ɓata zama uku ana gardamar wane farashin canji za a ɗauka, na banki ko na bayan fage, an bar jaki ana dukan taiki.

Maganar takunkumi ita ma ƙanzon kurege ce. ILO ba ta da 'yan sanda, ba ta tare kayan kowa a tashar ruwa. Ƙasar da ta tabbatar da yarjejeniya tana aika rahoto lokaci-lokaci a ƙarƙashin sashe na 22 na tsarin mulkin ƙungiyar, kwamitin ƙwararru ya karanta ya rubuta tsokaci, in abin ya yi muni a kira gwamnati ta yi bayani a gaban babban taro a Jeniba. Ƙungiyar ma'aikata na iya aika nata tsokacin a kan rahoton, tana kuma iya shigar da koke a ƙarƙashin sashe na 24. Mataki mafi tsanani, na sashe na 33, sai a shekarar 2000 aka fara amfani da shi, a kan Myanmar, kuma saboda aikin tilas. Makamin ILO kunyatarwa ce a bainar duniya, tana kuma aiki fiye da yadda ake zato, amma a hankali take tafiya.

Bayan mai tura saƙo, akwai kuma wani bokan, wanda ke ɗaya gefen teburin sanye da kwat. Shi da ya ji an ce babu adadi sai ya gyara zama ya ce, to ai shi ke nan, kowace ƙasa ta yi abin da ta ga dama, ƙa'idojin duniya shawara ce kawai. Wannan ya fi mai tura saƙo haɗari, don shi ya karanta, ya san abin da yake ɓoyewa.

Abin da za ki riƙe shi ne Yarjejeniyar ILO mai lamba 131 ta 1970 kan yanke mafi ƙarancin albashi, wadda aka rubuta musamman da ƙasashe masu tasowa a zuciya, da Shawara mai lamba 135 da ke raka ta. Sassa biyar na farko su ne naman, ba su wuce shafi biyu ba, ki buga su ki haddace. Ki fara duba ko ƙasarku na cikin ƙasashe hamsin da 'yan kai da suka tabbatar da ita. In ba ta ciki, ki duba mai lamba 26 ta 1928, wadda sama da ƙasashe 100 suka tabbatar, da mai lamba 99 ta 1951 ta ma'aikatan gona. Ko babu ko ɗaya, kina da ta cewa: gabatarwar tsarin mulkin ILO tun 1919 ta ambaci albashin da zai wadatar da rayuwa, sanarwar Filadelfiya ta 1944 ta sake nanatawa, kuma kowace mamba ta karɓi waɗannan ranar da ta shiga.

Sashe na 3 na Yarjejeniya ta 131 shi ne sikelin. A faranti ɗaya akwai buƙatun ma'aikata da iyalansu, tare da duba yadda albashi yake gaba ɗaya a ƙasar, da tsadar rayuwa, da tallafin da ake samu daga tsarin kariyar jama'a, da yadda sauran rukunonin al'umma ke rayuwa. A ɗaya farantin akwai tattalin arziki: buƙatun ci gaba, da yawan abin da ma'aikaci ke samarwa, da son a samu aikin yi da yawa kuma ya ɗore. Ki lura da kalmar "iyalansu". Duk wanda ya kawo miki lissafin cikin gwauro ɗaya ya ce ga buƙatar ma'aikaci, ki nuna masa ita. Amma ke ma kada ki yi kamar faranti na biyu ba ya nan, don yana nan, kuma za a karanto miki shi.

Cika faranti na farko aikinki ne, mako uku kuma ya isa a yi wani abin kirki. Ki nemi ma'aunin farashin kaya na hukumar ƙididdigar ƙasarku tun daga watan da aka yanke albashin da ake kai yanzu, ki lissafa nawa hauhawar farashi ta cinye. Wannan lamba ita ce ƙasan maganarki, kuma ta gwamnati ce, ba mai cewa daga waya take. In akwai ma'aunin kayan abinci daban, ki ɗauko shi ma, domin ƙaramin ma'aikaci kaso mafi girma na albashinsa a ciki yake tafiya, hauhawar da yake ji ta sha bamban da wadda babban ma'aikaci ke ji. Daga nan ki haɗa kuɗin wata na gida guda, da yawan mutanen da ke gidan ƙaramin ma'aikaci, da kuma mutum nawa ke kawo kuɗi a gidan. A kan wannan na ƙarshe za a fi ja da ke, don in aka ce mutum biyu ke aiki sai a raba lissafinki gida biyu. Ki je da amsa daga 'yan ƙungiyarki, mata nawa ne su kaɗai ke riƙe da gida.

Sai ki gwada adadin da kika samu da albashin tsakiya, wato na mutumin da zai faɗo tsakiyar layi in aka jera duk masu albashi daga ƙarami zuwa babba. Rahoton albashi na ILO na 2020 zuwa 2021 ya nuna mafi ƙarancin albashi kan tsaya wajen kashi 55 cikin 100 na albashin tsakiya a ƙasashe masu arziki, da wajen kashi 67 a masu tasowa. Kada a ruɗe ki da wannan. A ƙasar da shi kansa na tsakiyar bai ƙoshi ba, kaso mai yawa na albashinsa ma yunwa ce. Amma in adadinki ya haura albashin tsakiya, ki san cewa kina neman a sauya albashin fiye da rabin masu albashin ƙasa dare ɗaya, kuma abin da kan biyo baya shi ne a ƙi biya, ko a kori mutum da safe a sake ɗaukarsa da yamma ba takarda.

Wannan ya kawo mu ga barazanar kora da ke hana ki barci. Ba zan ce miki ba ta taɓa faruwa ba, amma ba a taɓa ƙarin albashi a ko'ina ba tare da an yi wannan kuka ba. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga nata daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci 410 a can da maƙwabciyarta Pennsylvania wadda ba ta yi ƙari ba, ba su ga aiki ya ragu ba, kuma wannan bincike na cikin abin da ya kai Card ga lambar Nobel a 2021. Birtaniya ta fara nata na ƙasa baki ɗaya a 1999 da fam 3.60, Jamus a 2015 da yuro 8.50, duka biyun an yi hasashen asarar ayyuka masu ɗimbin yawa, hasashen bai tabbata ba. Abin da ya haɗa su shi ne an yi ƙarin da lissafi, aka kuma kafa hukuma mai bibiya. Saboda haka in sun ce za su kori rabi, ki ce madalla, a kawo littafin kuɗi a nuna kaso nawa albashin ƙananan ma'aikata ke ci a cikin abin da kamfani ke kashewa. Faranti na biyu ma da hujja ake cika shi.

Sana'arku ma tana da wani sirri. Kamfanin shara ko na gadi kwangila yake ci, kuma abokin takararsa ma dole ya biya sabon albashin, don haka ba wanda zai ƙwace masa aiki da araha in ana bin doka. Banki ba zai daina son a share masa ofis ba, asibiti ba zai kwana ba mai gadi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tsohuwar kwangilar da aka ƙulla a kan tsohon albashi. Ki nemi a rubuta cewa za a sake duba kuɗin kwangiloli daga ranar da sabon albashi ya fara aiki, musamman na ma'aikatun gwamnati. Yarjejeniya mai lamba 94 ta 1949 a kan sharuɗɗan ƙwadago a kwangilolin gwamnati take. A nan za ki iske masu kamfanonin sun dawo bayanki, don kukansu ke nan na gaskiya.

Da ni ne a kujerarki, da na fi kafewa a kan ranar sake dubawa fiye da kan adadin kansa. Sashe na 4 na Yarjejeniya ta 131 ya ce a riƙa daidaita albashin lokaci zuwa lokaci, bai faɗi wata nawa ba, kuma ta wannan ƙofa gwamnatoci ke sulalewa. A ce an ba ki 100 yau, farashi na hawa kashi 20 a shekara. Bayan shekara uku abin da ke hannunki bai fi ƙarfin 58 ba, ba tare da kowa ya rage miki ko sisi a takarda ba. Na tarayyar Amurka yana dala 7.25 tun Yulin 2009. Yuganda ta sa shilin 6,000 a wata a 1984 ta bar shi nan shekaru aru-aru har ya zama abin dariya. Faransa kuwa tana duba nata kowace 1 ga Janairu, kuma da zarar ma'aunin farashi ya hau kashi 2 tun daga ƙarin baya, albashin na bin sa da kansa, ba yajin aiki, ba roƙo. Adadi madaidaici da ake dubawa duk shekara ya fi babban adadi da za a yi biki a kansa a manta da shi shekara biyar.

Sannan ki tambaya: me ake ƙirgawa a cikin albashin, kuma na awa nawa ne? Wani mai gadi ya taɓa miƙo mini takardar albashinsa, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. A sama an rubuta cikakken mafi ƙarancin albashi, daidai da doka. A ƙasa an cire kuɗin kaki, an cire na takalmi, an cire na tocila, an cire "masauki", wanda da na tambaya ashe ɗan akurkin bakin ƙofa ne inda yake zaman gadin. Awa 12 yake yi kullum, ba a biya shi ƙarin ko awa ɗaya. Sashe na 2 ya ce mafi ƙarancin albashi na da ƙarfin doka, ba a rage shi, kuma wanda ya saɓa a hukunta shi. Ko ma'aikaci ya dangwala yatsa ya ce ya yarda da ƙasa da haka, yardar banza ce. Yarjejeniya mai lamba 95 ta 1949 ta taƙaita yanke-yanken albashi da biyan wani ɓangarensa da kaya. Dubi yadda Katar ta yi a 2021: riyal 1,000 tushen albashi, 500 na masauki, 300 na abinci in mai aiki bai bayar da su ba, kowanne a rubuce daban don kada a cusa wani cikin wani.

Ki kuma karanta jerin waɗanda aka cire daga dokar da idon basira. 'Yan aikin gida, ma'aikatan gona, 'yan wucin gadi, ma'aikatan ƙananan kamfanoni, su ake fara zubarwa, alhali don su aka ƙirƙiro abin. Sashe na 1 na Yarjejeniya ta 131 ya wajabta wa ƙasar da ta tabbatar da yarjejeniyar ta lissafa waɗanda ta cire ta kuma faɗi dalili. Afirka ta Kudu da ta fara nata a Janairun 2019 da rand 20 a awa, ta sa ma'aikatan gona a 18, 'yan aikin gida a 15, amma da niyyar cike giɓin, ta kuwa cike shi, na gona a 2021, na gida a 2022. In dole sai an bambanta, to a sa ranar da bambancin zai ƙare. Rahoton nan na ILO na 2020 zuwa 2021 ya ƙiyasta ma'aikata miliyan 266 a duniya na karɓar ƙasa da mafi ƙarancin albashin ƙasarsu, ko don doka ta tsallake su ko don ba a bin ta. Sashe na 5 maganar sufetoci yake yi, Shawara ta 135 kuma ta ce a yaɗa sabon albashin da harsunan da ma'aikata ke ji, a sauƙaƙa musu hanyar karɓo abin da aka danne, a kare mai kai ƙara daga ramuwar gayya. Ki tambaya a gaban kowa sufeto nawa ake da su, kuma da me suke zuwa wuraren aiki.

Shi kansa kwamitin ki sa masa ido. Na ga inda ake tara mutane a otal, a raba jaka da biro, a yi jawabai, ashe an riga an buga adadin tun makon jiya. Sashe na 4 cikakkiyar tuntuɓa ya ce, kuma inda ya dace wakilan ma'aikata da na masu ɗaukar aiki su zauna a matsayi ɗaya. Tuntuɓar da aka yi bayan an yanke hukunci sanarwa ce. Ki nemi a ba ku alƙaluman da gwamnati za ta dogara da su kwanaki kafin zama, ki nemi a riƙa rubuta bayanin taro ana sa hannu. Sai dai ki sani, tuntuɓa ba ta ba ki ikon hana gwamnati yanke hukunci, kuma wannan ma sauƙi ne a gare ki: in aka yanke abin da ba ki gamsu da shi ba, ki sa a rubuta rashin amincewarki da dalilanki, wannan takarda ƙungiyarki na iya aika ta Jeniba a matsayin tsokaci kan rahoton ƙasar. Kuma mafi ƙarancin albashi daɓe ne, ba rufi ba. Ƙungiyarki na da 'yancin ta zauna da kamfanoni ta nemi sama da shi, sashe na 2 ya kare wannan. Denmak da Suwidin ba su ma da adadi a doka, yarjejeniyar ƙungiyoyi ce ke riƙe da albashinsu.

Ku kuma masu tura saƙo, ku ji tsoron Allah. Mutum na kwance a ɗaki, bai taɓa buɗe yarjejeniyar ba, ya latsa waya ya ɗora wa baiwar Allah nauyin da ba wanda zai iya saukewa, gobe in ta dawo da abin da ya samu shi ne na farkon kiran ta maciya amana. Wasunku shugabanni ne, kun san ƙarya ce, kuna barin ta don tana tara jama'a a filin taro. Ranar da aka turo takarda tsakiyar tebur ba kwa nan. Wanda ya turo maka adadi, ka tambaye shi lambar yarjejeniya da lambar sashe, in ya kasa ka goge, ka kuma gaya masa ka goge.

Ke kuma Malama, kada ki jira sai bayan zama. Ki kira taron 'yan ƙungiya a makon nan, ki gaya musu da bakinki cewa adadin nan babu shi, ki karanta musu sashe na 3 da harshen da suke ji. Za a yi hayaniya, wasu za su fice, ki bar su. Waɗanda suka zauna ki ce kowa ya kawo takardar albashinsa ta wata uku, da rasit ɗin haya, da abin da yake kashewa a mota zuwa aiki, da awoyin da yake yi a mako. Kafin ki kai ko ɗaya wurin mai fotokwafi, ki shafe suna da lambar ma'aikaci da baƙar tawada, ki ɗaga takardar a hasken taga ki tabbatar ba a iya karantawa ta baya.